Ƙwan Dido Orest

Shekara arba'in da ɗaya, in dai sanyi ya kama, ƙarfe shida na safe Orest Dubyk yana filin hoki na garinmu, wato wasan sanda da ake yi a kan ƙanƙara. Ya kwashe dusar ƙanƙarar da ta zuba, ya ja tiyo ya malala ruwa har ƙanƙarar ta kwanta sumul, sannan ya zauna yana wasa wa yara ƙarfen ƙasan takalmansu na sulu. A cikin rigarsa, dab da ƙirji, akwai ƙwai shida na kajinsa, don kada su daskare. Kowa Dido yake ce masa, wato kaka, har waɗanda suka kusa sa'arsa. Bana gwiwa ta ci ƙarfinsa, ya ajiye aiki. Ban yi nisa a karatu ba, amma abin da idona ya gani zan faɗa.

Da ƙwai yake koyarwa. Kafin yaro ya taɓa faifan robar da ake wasa da shi, sai ya iya tura wa ɗan'uwansa ɗanyen ƙwai da sanda, wancan ya tare bai fashe ba. Wanda ya fasa, Dido ya ɗaga murya: "Hannun dutse! Ƙwai na ba ka ko maƙiyinka?" Wanda ya iya kuwa ya zama mai taushin hannu, kuma a garinmu babu yabon da ya kai wannan. Kowane salo da sunansa a bakin Dido. In ka janyo faifan da bakin sanda ka kauce wa mai tare ka, jan baki ke nan. In faifan yana bin ka duk inda ka juya, ɗaurin zare ne. Cewa yake salon da ba shi da suna, da mai shi ake binne shi.

Mijina Wendell a hannunsa ya koya. Yana da salo nasa na kansa: ya nuna wa mai tsaron raga dama sau biyu, ya tsaya cak kamar ya haƙura, sai ya zura ta hagu. Dido ya raɗa masa suna "sai an jima". Bara lokacin girbi Wendell ya faɗi a gonar alkama, zuciya ce, bai tashi ba.

'Yarmu Corinne, mai shekara sha biyar, ta rataye takalman wasanta a bayan ƙofa. Ba ta magana, abinci sai na matsa. Na binne ɗaya, ga ɗayar tana zamewa daga hannuna ina kallo.

Dido bai zo da wa'azi ba. Kullum safe sai in tarar da ƙwai ɗaya a bakin ƙofa, cikin tsohuwar safar ulu. Kwana talatin da takwas haka. Washegarin na ƙarshe Corinne ta fizge ƙofa ta rutsa shi a sunkuye.

"Haba Dido, ka daina mana. Ƙwai ya cika mana firji."

"To, mayar min da abina. Amma da sanda, ba na karɓa a hannu."

"Na daina wasa."

"Wa ya ce wasa? Kayana nake nema, 'yar nan."

Filin tsallaken hanya yake. Ta ɗauko sanda cikin fushi, taku biyu ƙwai ya tarwatse.

"Hannun dutse! Gado ne. Ubanki sittin ya fasa min, kajina har yau ba su yafe masa ba."

Ta taga nake kallo. Dariya ta kubce mata, kuka ya biyo baya, tsohon ya tsaya kusa da ita har ta gama. Da gari ya waye babu takalma a bayan ƙofa.

Ita ta roƙe shi ya koya mata salon babanta. Ƙafa ba ta bari ya hau ƙanƙara ya nuna, don haka da baki ya koyar, yana jingine da katangar fili: dama, dama, tsaya, ƙirga ɗaya, hagu.

A watan Maris 'yan matanmu suka kai wasan ƙarshe na yanki, da garin da ya ninka mu sau goma. Biyu da biyu, saura minti ɗaya, Corinne ta ƙwace faifai ta fita ita kaɗai. Dama. Dama. Ta tsaya cak. Mai tsaron raga ta zube ƙasa, faifan ya shige ta hagu. Tsofaffin abokan Wendell ne suka fara miƙewa suna ihu, "Sai an jima! Sai an jima!" har duk mutanenmu suka ɗauka. Dido ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita.

Dido, kai ne mai taushin hannu na gaskiya. Kai ka tare min 'yata a lokacin da ko numfashi mai ƙarfi zai iya fasa ta, ka miƙo min ita lafiya. Kai ka sa wa salon mijina suna, ba a binne shi da shi ba. Na gode, Allah ya ba gwiwarka sauƙi.

Ku kuma jama'a, in an yi rashi a maƙwabtanku, kada ku zauna neman abin da za ku faɗa. Ku kai abin da kuke da shi, gobe ma ku koma.

Yanzu ranar Asabar Corinne ce ke sa ƙwai a rigarta ta tafi wajen ƙananan yara. Ina ɗakin girki nake jiyo muryarta daga tsallaken hanya: "Hannun dutse!"