Gogen da Labo Ya Jiyo a Malbaza

Ni Abarshi, tun kafin a ba mu mulkin kai nake buga wa Labo ƙwarya. Shi goge, ni sanduna biyu, daga Konni har Illela babu bikin da ba a san mu ba. Gajere ne, ga taurin kai. Wurin kawunsa ya gaji goge, kuma ban da shi bai iya komai ba. Ko akuya aka ba shi ya ɗaure, sai ta riga shi isa gida.

Shekarar da aka buɗe kamfanin siminti a Malbaza, ma'aikata suka kira mu wasa. Mun gama da la'asar, muna bi ta bayan gidajen Turawa, sai Labo ya ja ya tsaya. Wata Baturiya ce a baranda, ta rungume wani ƙaton goge na katako tsakanin gwiwoyinta, mai tsirkiya huɗu, tana ja ita kaɗai. Ba ganga, ba waƙa, ba mai rawa. Kukun gidan ya ce kiɗan rawar kakanninsu ne, ya fi shekara ɗari biyu, kuma don goge ɗaya tal aka tsara shi. Na ce Allah ya jiƙan ƙafar da za ta taka wannan. Sai ta ruga da kiɗan, ta tsayar da shi kamar ta yi mantuwa a ɗaki, sannan ta dawo da shi yana jan nishi.

Motar da za ta mai da mu Konni ta tafi ta bar mu, Labo yana tsugune jikin shinge, baki sake.

Daga ranar na shiga uku. Tsirkiyarsa ɗaya, amma ya rantse sai ya fitar da abin nan. A wani suna a Bazaga, rawa ta yi daɗi, sai kawai ya zame ya faɗa cikinsa. In buga, ya makara. In jira shi, ya wuce ni. Mata suka tsaya cirko-cirko.

Na ce, "Labo, mi kaka yi haka? Biyo ni mana!"

Ya ce, "Aje sandunan ga, Abarshi. Wanga kiɗi ba shi son ƙwarya."

A gaban jama'a fa! Na kinkimi ƙwaryata na yi gida, na ba matata Mariyama na ce ta zuba gero. Ba bikin da ya lalace ne ya ƙona mini rai ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ashe Labo zai iya kiɗa ba ni.

Aka kwana biyu, sai ga shi da hantsi a ƙofar gidana. Ko gaisuwar kirki babu, ya zauna ya kama ja. Abin ya watse, ba kai ba gindi, ni da ba na son kiɗan ma sai da na ji masa kunya. Ya sauke gogen.

Ya ce, "Ya ƙiya."

Na ce, "Ina ruwana?"

"Da, in na jinkirta, bugunka nika ma jinkiri. Yanzu ba ka nan, ban san mi nika jira ba."

Raina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "To in ɗauko sanduna?"

"A'a. Da yatsa za ka buga bisa gwiwa, kar kowa shi ji. Ni dai in gani."

Ku ji mini mutum! Amma na buga. Idonsa a kan yatsana, yana kauce masa yana dawowa, sai ga kiɗan ya miƙe, har Mariyama ta bar daka ta leƙo. Haka muka ci gaba. Duk biki, in an gaji da rawa, sai in aje sanduna in zauna ina taɓa gwiwa, 'yan Konni suna cewa Abarshi ya zama ɗan rakiya. Shi kuwa ko sau ɗaya bai buɗe baki ya wanke ni ba.

Shekarar babban fari Allah ya yi masa rasuwa. Har yau in na zauna, yatsan nan sai ya kama buga gwiwa, daidai, ba gaba ba baya, kuma babu mai makara masa. Mariyama ta ce in daina, mutane na kallo. Na ce ta je ta gaya wa Labo, shi ya bar ni da shi.