Keken Baba Yohanna a Falo

Har yau ban manta da ranar da oga ya tura ni Kubwa in ɗora keke a kan tirena ba. Lokacin ina gyara a wani shagon kayan motsa jiki. Tirena wani gindin ƙarfe ne da ake maƙala masa tayar baya, ta riƙa gurzar wani ɗan mulmulallen ƙarfe mai juyawa, mutum ya tuƙa kekensa a cikin ɗaki ba tare da ya gusa ba. Aiki ne mai sauƙi, kuma wani aikin na jirana a Apo, don haka a gaggauce na fita.

Mai gidan, Baba Yohanna, tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Mota ta buge shi a kan keke a babban titi, ƙafarsa ta karye. Da ta warke likita ya ce in bai motsa gwiwar ba za ta sandare. Matarsa, Mama Saratu, ita ta sayi tirenar, ta kuma fito da keken daga bayan gida.

Na maƙala tayar, na ɗaure, na sa katako ƙarƙashin ta gaba don keken ya daidaita. Ina juya feda sai tayar ta soma rawa, ta taɓa mulmulallen ƙarfen, ta sake shi. Tun hatsarin ta lanƙwashe. Dole na zauna ina ɗaure wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, oga na ta kirana.

Baba kuwa ya kasa zama. Ya dogara sanda ya je taga, ya dawo ya tsaya a kaina.

“Malam Sani, ba ka gama ba?”

“Saura kaɗan, Baba.”

Jim kaɗan ya ce, “Bar shi ma. Ka dawo wani sati.”

Mama ta ce, “Ci gaba da aikinka, ɗana. Yau zai hau.”

Da tayar ta miƙe na gwada, komai lafiya. Na fara tattara sifanuna. Baba ya hau da taimakon Mama, ya damƙe birki biyu, ya tsaya cak. Gumi ya jiƙa masa riga. Wata mota ta yi hon a waje, na ga kafaɗunsa sun ɗaga.

Na ajiye jaka. Na kama kan keken na jijjiga shi da ƙarfi.

“Baba, ka gani? Ko ni ba zan iya kayar da shi ba.”

“Kada ka saki,” in ji shi.

“Ina nan.”

Ya saki birki ɗaya, can ya saki ɗayan. Fedar ta yi rabin juyi, ya cije baki, ta zagayo. Tayar ta fara ƙugi a hankali. Mama ta juya baya ta shige kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Ni kuwa ina riƙe da kan keke har hannuwana suka gaji, sai da shi da kansa ya ce in matsa, ina tare masa iska.

Aikin Apo ya wuce ni, oga ya yi faɗa. Amma tun ranar, duk wanda na koya wa aikin nan ina gaya masa: ɗaure noti na ƙarshe ba shi ne gama aiki ba. Ka tsaya sai mai keke ya hau, ka ga ƙafarsa ta juya.