Sunan Baba a Tsohuwar Kwamfuta

Jiya, muna kwashe sunayen ma'aikata daga tsohuwar babbar kwamfuta zuwa sabuwa, manaja ya ce in goge na marigayi Baba, tsohon abokin aikinmu, wai ana bukatar wurin ajiyarsa a faifan kwamfutar. Baba ne ya koya mini aikin nan a ɗakin injina mai sanyi, kullum yana tauna citta. Ranar da na rage wa wata akawu wurin ajiyarta a kwamfuta ba da saninta ba, ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, kafin ki taɓa kayan mutum, ki gaya masa." Hotunan jikokin Baba na cikin wurin da za a goge, amma ko matarsa a Makera ba a kira ba. Na ƙi, manaja ya goge da kansa. Har yanzu zuciyata tafasa take. Allah ya ba Baba hutawa.