Surukinmu a Rumfar Albasa

Shekarar da gulbi ya cinye gidajen bakin ruwa, ina aji biyu a jami'a a Kalgo. Waɗanda ruwa ya kora sun cika rumfunan kasuwa, wasu kuma suna kwana a barandar shaguna. Ƙungiyarmu ta ɗalibai ta tara shinkafa da tabarmi da gidan sauro, muka ɗauki motar makaranta muka nufi cikin gari. Ni dama ba na iya zama wuri ɗaya, tun ina yaro Inna ke cewa ƙafata ƙaiƙayi take yi, don haka ni na fara shiga motar.

Shugabanmu mutum ne mai son tsari har ya gundure ka. Ya sa mutane suka yi layi, ya ba wani ɗalibi waya ya riƙa ɗaukar hoto, ni kuma aka miƙa mini ludayi. Ina zuba shinkafa da wake ina tsokanar yara, sai na ɗaga kai na ga dattijo ya miƙo kwano. Dogo ne, da malafa a rataye a bayansa. Mahaifin matar yayana ne. Mu muka je rugarsu neman aurenta, a kan tabarmarsa na sha fura har na kasa tashi.

Ya gane ni. Ya janye kwanon a hankali, ya juya, ya koma can ƙuryar rumfar masu albasa ya zauna yana kallon bango.

Shugaba ya ce, "Bi shi da abincin mana, wataƙila bai ji daɗin layin ba."

Raina ya ɓaci, na ce masa ba layi ba ne. Bafulatani ba ya cin abinci a gaban surukai, ko da ƙanin mijin 'yarsa ne, balle ya karɓi sadaka daga hannunsu. Duk da haka ƙafar nan tawa ba ta bar ni ba. Na ajiye ludayi na je na durƙusa nesa da shi na gaishe shi. Mun daɗe muna gaisuwa, gida lafiya, shanu lafiya, alhali gidan yana cikin ruwa.

Na ce, "Baffa, ga ɗaki a gidanmu na Gwandu babu kowa ciki."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Ni in kwana gidan mijin ɗiyata? Tahi abinka, yaro. Kuma kak ka hwaɗa mata inda ka gan ni. A saninta ina wajen ƙanena, a bar ta hakanan."

Na koma na cika kwano, na ba wata ɗaliba 'yar kudu wadda ba ta haɗa komai da shi ba ta kai masa, na roƙi mai hoto ya kashe wayarsa, ni kuma na ɓuya bayan mota. Sai da ta zo ta ce ya ci sannan na fito.

Makon nan ban yi karatun kirki ba. Ina aji, hankalina yana rumfar albasa. In hadari ya taso sai in kasa zama, in hau kabu-kabu in zagaya kasuwa, in hango malafarsa daga nesa in juyo. In faɗa a gida, na tona wa dattijo asiri. In yi shiru, tsoho yana kwana a kan buhuna cikin sauro, ga tari na ji yana yi. Na rasa wanda zan ji haushi, shi ko ni.

Ranar Juma'a na shiga mota zuwa Gwandu. Matar yayana tana tsakar gida tana tankaɗe, ga cikinta ya tsufa. Ta saba ta tare ni da tsiya, ta ce ɗan boko ya dawo cin tuwon banza, ni ma in rama. Ran nan na yi ta kewaye gida, na shiga zaure na fito, na duba awaki da ba ruwana da su. Ta bi ni da ido, ba ta tsokane ni ba.

Ranar da zan koma ta kira ni bayan rumbu. Ta miƙo mini ƙulli: bargo, da kwalbar man shanu, da maganin tari.

Na ce, "A kai gidan ƙanin Baffa?"

Ta sunkuyar da kai. "Masu kai albasa sun hwaɗa mini tun makon jiya. Kak ka kai da kanka. Ka ba wani cikin abokanka ya ce daga makaranta ne." Ta goge ido da gefen zane. "In ya tambaye ka, ka ce ban san komi ba."