Bunsurun Haɗin Kai

A shekarata ta biyu a kwalejin horon malamai da ke bayan garin Garwa aka kawo mana sabon darakta, wani gajeren mutumin kudu mai sa kwat ko da rana na narkar da kwalta. Lokacin ba a daɗe da haɗe ƙasar ta zama ɗaya ba, kowane babba ya buɗe baki sai ka ji haɗin kai. Daraktan nan ya fi kowa. Bai yi wata guda ba ya sa aka kwashe karyayyun gadaje daga wani tsohon sito, aka shafa farar ƙasa, aka rataya hoton shugaban ƙasa, aka kawo rediyo da bencina da teburin buga ƙwallo mai raga a tsakiya. Ya ce sunan wurin fwaye, wato zauren da ɗalibai za su riƙa zama tare su manta daga inda kowa ya fito.

Mun zauna kuwa. Fulani suka kama gefen rediyo. Kiristocin ƙauyukan kan dutse suka kama bakin taga, suna koyon waƙoƙin coci a hankali. 'Yan kudu suka mallake teburin ƙwallo kamar gadon ubansu. 'Yan Cadi biyu suna bakin ƙofa kullum, kamar masu jiran mota. Mu Hausawa uku ne kacal, ba mu isa cika benci ba, sai mu riƙa yawo daga nan zuwa can muna tsokanar mutane. Doka ta ce Faransanci kawai za a yi a ciki. Da Faransancin muke gaisawa, zagi kuwa kowa da harshen uwarsa yake yi. Kowane malami kuma Mushe muke ce masa, haka ake kiran babba a Faransanci, mu ukun nan dai mun san abin da kalmar take nufi a gidanmu, shi ya sa muka fi kowa ladabi wajen faɗinta.

Abokin zamana a aji wani dogon saurayi ne ɗan Mokolo, Kirista, mai hannu kamar faranti. A kasuwar garinsu ya koyi Hausa, yana taya uwarsa sayar da dankali. Ya iya Fillanci sarai, amma da ni Hausa yake yi. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce a Fillanci an fi zaginsa, a Hausa kuwa ciniki kawai aka taɓa yi da shi.

Ni ɗan mahauci ne daga unguwar Rumde Ajiya cikin Garwa, kuma ban bar kowa ya manta ba. In aka kawo nama a ɗakin cin abinci, sai in ɗaga tsoka in faɗi shekarun saniyar da ciwon da ya kusa kashe ta. Na ba su labarin bajiman da na kayar ni kaɗai. Gaskiyar magana, ko kaza ban taɓa yankawa ba. Tun ina yaro in aka ɗora wuƙa a wuyan dabba sai in juya baya. Babana ya gwada ni sau uku ya haƙura, ya ce tunda ba ni da amfani gara a kai ni boko. Haka na zama ɗalibi.

Wata Litinin darakta ya tara mu ya ce babban sufeto zai zo daga Yawunde ranar Asabar, zai ga zauren. Za mu yi walima, kowace ƙabila ta dafa nata, a ci a tire ɗaya, kuma komai aikin hannun ɗalibai. Abokina ya ɗaga hannu ya ce babansa zai ba da akuya. Aka ba shi izini ya tafi, ranar Laraba sai ga shi a bayan motar auduga, rungume da wani baƙin bunsuru mai gemu wanda warinsa ya riga shi sauka.

Akwai wani ɗalibi Bafillace ɗan Gider da ke ja mana sallah, muna ce masa Modibbo, don babansa malami ne, shi ma bai cika dariya ba. Ya zagaya bunsurun ya dube shi, sannan ya je wajen darakta ya ce Musulmi ba za su ci ba sai Musulmi ne ya yanka. Kukun makaranta Kirista ne, don haka ba shi ba.

Darakta ya yi murmushi ya ce, “Wannan ai ba matsala ba ce. Ba muna da ɗan mahauci ba?”

Kowa ya juyo ya dube ni. Na ce, “Ƙwarai, Mushe Darakta. Ƙaramin aiki ne.”

Sai batun inda za a ajiye dabbar. Kuku ya ce ba a kicin ɗinsa ba. Surbeyan, malamin da ke kula da tarbiyyarmu, yana da lambun tumatir da yake so fiye da 'ya'yansa, ya ce in ya ga bunsuru a fili sai ya kori mai shi. Ƙofar fwaye ce kaɗai mai sakata. Nan aka ɗaure shi a ƙafar teburin ƙwallo, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa.

Abin da jawabin wata shida bai yi ba, warin bunsuru ya yi shi a yini ɗaya. Taga ɗaya ce ke shigo da iska, ta wajen 'yan coci. Kafin la'asar Fulani sun ɗauko rediyonsu sun koma can, 'yan kudu sun bar tebur, 'yan Cadi ma sun shigo daga ƙofa. Muka cushe a benci uku, gwiwa na gugar gwiwa, ana waƙar coci a kunnen Modibbo, ana labaran Fillanci a kunnen mai ba da waƙa. Darakta ya leƙo ya gan mu haka, ya tsaya ya daɗe yana kallo, har idonsa ya kawo ruwa. Wataƙila daɗi ne, wataƙila warin ne. Kafin Jumma'a bunsurun ya cinye ragar tebur da shafi huɗu na littafin waƙa.

Ni kuwa ko abinci ba na iya ci. Na yi tunanin in aika wa babana, sai na tuna cewa kafin azahar duk mayanka ta ji cewa ɗan boko ya kasa yanka akuya. Na lallaɓa wajen Modibbo na ce ai shi ne malami, ya fi dacewa da wannan lada. Ya ce ba ya shiga sana'ar wani ga mai ita a tsaye. Sauran Hausawan biyu 'ya'yan 'yan tireda ne, dariya kawai za su yi mini.

Ranar Jumma'a da safe muna wanki a bakin famfo ni da abokina, na ce masa, “Kai, zan gaya maka magana, amma in ka yi dariya mun ɓata.”

Ya ce, “Faɗi.”

“Ban taɓa yanka komai ba.”

Ya ci gaba da cuɗa wandonsa. Can ya ce, “Bajiman fa?”

“Babu bajimai.”

Ya yi ƙoƙari, na shaida. Ya cusa fuska cikin jiƙaƙƙen wando, kafaɗunsa na rawa. Da ya gama ya share ido ya ce shi tun yana shekara goma sha biyu yake yanka wa gidansu. Ya ce, “Abin da ake so hannun Musulmi a kan wuƙa, ko ba haka ba? To, ka riƙe wuƙar ka faɗi abin da kuke faɗi. Ni zan riƙe maka bunsuru. In hannunka ya yi rawa, zan riƙe shi shi ma.”

Na ce ban san ko ya halatta ba. Ya ce shi ma bai sani ba, amma sufeto gobe zai zo.

Asabar da hantsi muka ja dabbar bayan kicin. Na kori 'yan kallo, na ce a al'adar mahauta ba a yanka a gaban taro, ƙaryar da duk wanda ya taɓa wucewa ta mayanka zai gane. Modibbo dai ya ƙi tafiya, ya ce shi ne shaida, kuma shi zai nuna alƙibla. Abokina ya kayar da bunsurun da hannu ɗaya, ya danne shi da gwiwa, ya ja gemun baya. Na durƙusa. Wuyan da ɗumi, ina jin jijiya na bugawa a ƙarƙashin yatsuna, idon nan rawaya yana kallona. Na ɗora wuƙar, na kasa ja. Na rufe ido na yi bisimilla na yi kabbara da ƙarfi, sai na ji wannan ƙaton tafin na abokina ya rufe nawa, ya ja sau biyu. Shi ke nan.

Da na buɗe ido, abokina ya riga ya mayar da hannunsa kan ƙaho. Modibbo yana tsaye ya ɗaga kai sama, yana kallon wata shirwa kamar bai taɓa ganin tsuntsu ba.

Na ce, “Modibbo, akwai abin da ya kamata ka sani.”

Ya ce, “Hannun wa ke kan ƙotar wuƙa?”

“Nawa.”

“Wa ya ambaci sunan Allah?”

“Ni. Amma…”

“Ban tambaye ka amma ba.”

Sai a lokacin na lura fuskarsa ta yi fari, yana dafe da bango. Abokina ya dube shi ya ce, “Malam, kai ma?” Modibbo ya gyara hularsa ya ce a gidansu akwai masu yin wannan aikin. Ya wuce bakin famfo ya daɗe yana wanke fuska.

Fiɗa kuwa na iya ta tun ina ƙarami, matacciyar dabba ba ta ba ni tsoro. Na kira 'yan kallon da na kora suka dawo. Na hura iska ta ƙafa don fata ta saki, na zare fatar ba ko huda ɗaya, na ware haƙarƙari da cinya, na wanke hanji, ina yi ina bayani. 'Yan kudu suka tafa mini. Abokina yana riƙe mini ƙafa yana cewa, “Sannu, sarkin fawa,” da wata murya da ni kaɗai na san abin da ke cikinta.

Sufeto bai iso ba sai bayan azahar. An wanke fwaye da sabulu sau biyu, duk da haka da ya shigo sai da hancinsa ya motsa. Aka jera tuwon dawa da miyar yakuwa, da rogon 'yan kudu naɗe a ganye, da naman da suka zuba wa barkono kamar suna da gaba da mu. Darakta ya yi jawabi har miya ta yi sanyi. Ya ce ga dabbar Kirista, ga wuƙar Musulmi, ga tukunyar kudu, ga ƙasa ɗaya. Aka sa na miƙe, sufeto ya ba ni hannu, sannan ya ci da cokali a farantinsa shi kaɗai.

Da muka zauna a tire na kasa kai hannu ga naman. Ina ta tunanin ko na ciyar da Musulmin makaranta mushe na gaske. Modibbo yana gabana. Ya zaɓi tsoka mafi girma, ya yi bisimilla, ya tauna a hankali yana kallon cikin idona. Ya ɗauki ta biyu. Da ya kai ta uku na ga in na tsaya tunani ƙashi kaɗai zan samu, na sa hannu.

Washegari rigima ta tashi a kan fatar. 'Yan coci suka ce ganga za su yi, tunda bunsurun ɗan'uwansu ne kuma ya ci musu littafi. Modibbo ya ce buzun sallah za a yi, tunda yankan Musulmi ne, ya faɗi haka ba tare da ya dubi inda nake ba. Wani ɗan kudu ya ce a raba biyu, aka taso masa daga kowane gefe. Muka yi awa biyu a zauren muna musu, Faransanci ya ƙare tun a minti goman farko, kowa ya koma harshensa, masu jin biyu suna yi wa saura tafinta suna ƙara gishiri. Ɗaya daga 'yan Cadin, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya hau benci ya yi dogon bayani da Larabcinsu, ba wanda ya gane, aka tafa masa. A ƙarshe aka ƙirga hannu, ganga ta ci da ƙuri'a biyu, ɗaya tawa ce.

Muka ɗunguma zuwa bayan kicin inda na shanya fatar, muka tarar da ƙusoshi huɗu a jikin bango. Kuku ya ce tun da safe surbeyan ya zo ya cire ta, ya ce duk abin da aka yanka a harabar makaranta kayan gwamnati ne. Bayan wata guda aka aike ni ofishin darakta da takarda, na same shi ya tuɓe takalmi, ƙafafunsa biyu a kan baƙar fatar, yana rubuta jawabi.