Ban Canza Alƙibla Ba

Ku yi haƙuri, 'yan uwa, zan ɗan ci muku lokaci. Wata tara ban ce komai a wannan zauren namu ba, kuma ba don maganar da ke yawo a kaina a Wara ba, da yau ma shiru zan yi.

Shekara ashirin ina bandar kifi. Duk mai wannan sana'a ta san duƙo. Bara da damina na sunkuya zan ɗaga kwandon tarwaɗa, sai na ji kamar an zura mini wuta daga ƙugu har diddigen hagu.

An yi ƙaho, an gasa da ruwan zafi. Babu sauƙi.

A asibiti a Yelwa aka ɗauki hoton bayana. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ne ya turo ya danne jijiya. Allura, ƙwayoyi, kuɗin mota duk mako biyu. Tunkiyata a nan ta tafi.

Amma abin da ya fi ci mini rai sallah a kan kujera. A lokacin wata shida ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba. Na san ya halatta, na karanta. Duk da haka, in na sallame sai hawaye.

Likitar gashin ƙashi, sa'ar ɗiyata ce, ta ce, "Inna, akwai motsa jikin da ake kira yoga. Miƙa gaɓoɓi ne a hankali tare da jan numfashi. Wasu don ciwon baya suke yi, wasu don barci, wasu don natsuwa."

Na ce, "Daga ina ya fito?"

Ta ce Indiya. Na ce to sai na tambaya.

Na je wurin malamin da ya yi mini sauka. Ya ce a wurin masu abin akwai ibada a ciki, don haka in ɗauki miƙar jiki da niyyar magani, in bar duk kalmar da ban san ma'anarta ba, da wanda suke kira gaisuwar rana.

Ni kuma na ƙara nawa. Tabarma daban, ba ta sallah ba. Kuma arewa nake fuskanta, don kada abin ya yi kama da ibada.

Wannan tsantsenin ne ya jawo mini. A cikin motsin akwai wanda za ki durƙusa, ki miƙa hannuwa gaba, ki sunkuyar da kai. Maƙwabciyata Yaya Kulu ta leƙo ta kan darni neman rariya, ta gan ni a haka. Kafin la'asar duk bakin ruwa an ji wai ni Hajara ina sallah ina kallon arewa. Har da mai aikowa a tambaye ni ko sabuwar ɗariƙa na shiga.

Na same ta har gida. Na ce, "Yaya, kin ji na yi kabbara?"

Ta ce, "Ni dai abin da na gani na hwaɗi. Ki bari, ƙanwata, mutane na magana."

Na ce, "Su yi ta yi. Ba zan bari ba."

Ban bari ba kuwa. Wata uku, kullum da hantsi.

Juma'ar da ta wuce, da azahar, na janye kujerar gefe. Na yi ruku'u. Na sauka a hankali, ina jiran wutar nan. Ba ta zo ba. Goshina ya taɓa darduma, na daɗe ban ɗago ba.

Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa likitoci da Malam da duk wanda ya yi mini addu'a.

Mata 'yan uwana, in ciwon baya ya sauko ƙafa, ku je a ɗauki hoto. Kada ku kwaikwayi motsi daga waya ba tare da likita ba. Masu banda, a ɗaga murhun ya kai ƙugu.

Likitar ta yarda za ta zo gidana ranar Asabar ta koya wa mata. Tabarma takwas tsakar gidana ke ɗauka. Na ware wa Yaya Kulu ɗaya, don na ga yadda take dafe ƙugu in za ta tashi.

Arewa za mu fuskanta.

Mai so, don Allah ta ba ni amsa kafin Alhamis.