Matokarai Tamanin da Huɗu na Tjaart Bolhuis

Tjaart Bolhuis maƙwabcina ne shekara talatin da ɗaya a ƙauyenmu da ke arewacin Groningen, kuma sana'arsa ɗaya ce tun yana saurayi: haɗa bututun kashe gobara a manyan gine-gine, irin waɗanda ake ratayawa a ƙarƙashin rufi cike da ruwa, masu ƙananan kawuna da ke buɗewa su yi feshi idan zafi ya kai musu. Ni malamin makaranta ne da ya ajiye aiki, ban taɓa cin abinci da sifana ba. Abin da na sani game da aikinsa daga bakinsa na ji, ta kan shingen da ya raba lambunanmu, shi ma da ƙyar, domin mutum ne da yake ganin magana biyu a jere ɓarna ce.

A shekarunsa na farko darasi ɗaya ake koya wa mai wannan sana'a: bututu yana da nauyi, nauyi kuwa ƙasa yake ja, saboda haka ka rataye shi da kyau ka tafi gida. Sai da haƙar iskar gas ta sa ƙasarmu ta fara girgiza, kofuna suna kaɗawa a kabad, bango yana tsagewa, sannan aka lura cewa bututu mai kaurin cinyar mutum, cike da ruwa, idan ya yi lilo zai iya tsinke mahaɗinsa, gini ya rasa ruwa a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Daga nan aka ce a riƙa tokare bututun ga ƙarafan rufi.

Matokari iri biyu ne. Akwai sandar ƙarfe, wadda take riƙewa ko an ja ta ko an tura ta, muddin ba ta yi tsawo ba. Akwai kuma igiyar waya, siririya, wadda ja kaɗai take jurewa, don haka sai an ɗaura biyu suna fuskantar juna. Nisan da ke tsakanin bututu da rufi shi ne ya kamata ya yanke hukunci.

Babban aikin tokarewa na farko da aka ba Tjaart shi ne siton dankalin iri na ƙungiyar manoman yankinmu, gini mai dogon rufi wanda bututunsa ke rataye nesa ƙwarai da ƙarafan sama. Manomanmu suna da wata ɗabi'a: ba sa yarda da abin da ba su rataya a jikinsa ba. Ko ƙofar gona ce, ko tsani, sai mutum ya kama ya saki nauyinsa a kai kafin ya saya. Tjaart ya ɗaure samfurin kowane iri a bakin ƙofar siton, shugaban ƙungiyar, Wubbo Dijkhuis, wanda suka yi aji ɗaya da shi, ya zo dubawa. Wubbo ya kalli igiyar ya ce a kan irinta matarsa take shanya. Ya kama sandar, ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa, ga shi ƙaton mutum, ba ta ko motsa ba. Aka sa sanduna tamanin da huɗu. Wajibi ne in faɗi cewa ba tilasta wa Tjaart aka yi ba. Shi ma ɗan manomi ne, shi ma ya rataya, ya kuma gamsu.

Shekara tara ta wuce. Tjaart ya kai sittin da uku, kafaɗarsa ta dama ta ƙi ɗaguwa sama da kunnensa, bangon gidansa na gabas yana tsaye da taimakon katako, masu duba ɓarna suna zuwa suna ɗaukar hoto suna tafiya. Ya gaji, gajiyar da hutun Lahadi ba ya taɓa ta. Shi da matarsa Aaltje sun tsayar da magana cewa ƙarshen Maris zai ajiye aiki. A watan Janairu kamfaninsu ya tura su bita ta yini ɗaya, ya je ne kawai don an ce dole. Can wata injiniya ta nuna jadawalin iyakar tsawon da sandar ƙarfe za ta yi kafin ta lanƙwashe idan an tura ta. Sandunansa na sito sun kusa ninka iyakar. Ratayar da suka yi ja ne, girgizar ƙasa kuwa tana ja tana turawa.

Babu wanda ya sani sai shi. Takardu sun daɗe da sa hannu, ana rufe rijiyoyin gas, wataƙila ƙasa ta lafa, wataƙila gobara da girgiza ba za su taɓa haɗuwa a rana ɗaya ba. Kowace hujja a cikin waɗannan gaskiya ce, kuma babu wadda ta taɓa ainihin maganar, domin matokari ba don ranar da ake tsammani ake sa shi ba. Kuskuren da aka yi cikin jahilci abin yafewa ne. Daga ranar da mutum ya sani ya yi shiru, ya tashi daga kuskure ya zama zaɓi. A ɗaya gefen kuma akwai sunansa, wanda shi ne kaɗai abin da ya tara a shekara arba'in da huɗu.

Aaltje ce ta fara ji, suna cin burodi da cuku da rana.

"Wa ya tambaye ka?" in ji ta.

"Ba kowa."

"To ka ci abincinka. Kafaɗar da ba ta iya sa riga ce za ta hau rufi?"

"Akwai ta hagu."

Sai ta ce, "Idan za ka je, ka canza wannan wandon. Kada su ce har da matarka ba ta san aikinta ba."

Ya sami Wubbo a siton lokacin shan kofi na ƙarfe goma.

"Tsoho, me ya kawo ka? Ka zo rabon kek ɗin ban kwana?"

"Ƙarafan nan da na sa maka ba su yi ba."

Wubbo ya ɗaga kai ya duba rufi. "Shekara tara suna nan. Ni da kaina na rataya."

"Ka rataya. Ba ka tura ba. Hau motar ɗaga kayan nan."

Tjaart ya kawo sanda mai tsawon waɗanda ke sama, ya jingina kanta da bango, ya ce Wubbo ya tura ɗaya kan da motar a hankali. Sandar ta gantsare kamar baka. Ya sa guntuwa irinta, motar ta yi nishi, guntuwar ba ta lanƙwashe ba.

Wubbo ya sauko yana share hannu. "Tun muna aji uku kake ɓata wa mutane rana. Da ka rufe bakinka wa zai sani?"

"Kai ma yanzu ka sani."

"Abin da nake nufi ke nan, mugu."

Sito ba ya zama fanko sai an gama fitar da iri, wato daga Mayu zuwa Agusta, kuma Tjaart ya ƙi yarda wani ya kwance abin da shi ya ɗaura. Ajiye aikin Maris ya tashi. A taron ƙungiya wani manomi ya miƙe ya tambaye shi: idan na farkon kuskure ne, ta yaya za su san na biyun daidai ne?

"Ba za ku sani ba," in ji Tjaart. "Shi ya sa na ce injiniya ta zo ta auna. Kada ku ƙara yarda da bakina kaɗai."

Ban taɓa jin mai sana'a ya faɗi haka a gaban jama'a ba, kuma ba zan ce an yaba masa ba. Wasu sun daina kiransa ko don gyaran famfo. A gidan shan kofi aka laƙaba masa suna Mai Igiyar Shanya. Duk bazarar nan da safe nakan ga ya fito yana jan ƙafa, da yamma ya dawo ya zauna a mota minti goma kafin ya iya buɗe ƙofa. Ya sauke sanduna tamanin da huɗu, ya ɗaura igiyoyi bibbiyu a madadinsu, ya gama kwana shida kafin dankalin farko ya shigo. A watan Satumba aka yi masa aiki a kafaɗa. Liyafar ban kwanansa mutum goma sha ɗaya suka zo, har da Wubbo, wanda ya cinye rabin kek ɗin yana gunaguni.

Mako biyu bayan an sallamo shi daga asibiti ya ƙwanƙwasa ƙofata, hannunsa a rataye a wuya, da tsohon littafin aikinsa a hammata.

"Maƙwabci, kana da biro? Akwai wasu gine-gine biyu, su ma masu dogon rufi, a shekarar da na yi siton na yi su."

Na zaunar da shi, na ɗauko takarda don in rubuta wa masu gine-ginen wasiƙa a madadinsa. Na tambaye shi ko in fara da cewa yana baƙin cikin sanar da su. Ya ce a'a, in rubuta tsawon ƙarfen kawai, da ranar da likita ya ce zai iya hawa tsani.